Haɗin Gwiwar Ƙasashen Afirka ta Yamma a Fagen Binciken Kimiyya: Darasi Daga Shinkafar NERICA

Gabatarwa

Sau da yawa idan aka ambaci haɗin kan ƙasashe, abin da kan zo wa mai karatu a rai shi ne taron shugabanni da sa hannu a takardu. Wannan maƙala za ta dubi wani haɗin kai ne da ya bar ɗakin taro ya isa gonar talaka, wato yadda ƙasashen Afirka ta Yamma suka haɗa kuɗi da masana suka samar da sabon irin shinkafa mai suna NERICA. Manufar ita ce a nuna dalilin da ya sa binciken kimiyya ya fi ƙarfin ƙasa ɗaya, da kuma abin da ake buƙata kafin sakamakonsa ya zama abinci da kuɗin shiga.

Matsalar da Ta Haɗa Su

Shinkafa ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Kimanin shekara 3,000 da suka wuce manoma suka fara noma shinkafar Afirka, wadda masana ke kira Oryza glaberrima, a fadamun Kogin Neja da ke ƙasar Mali ta yau. Daga baya shinkafar Asiya, wato Oryza sativa, ta shigo ta mamaye gonaki saboda ta fi yawan amfani. Duk da haka, bayan samun 'yancin kai birane suka bunƙasa, jama'a suka koma cin shinkafa saboda sauƙin dafuwarta, abin da ake nomawa ya kasa ci da mutane. Sai ƙasashe suka shiga sayo ta daga waje da kuɗin da ya kamata a gina makarantu da asibitoci.

Kowace ƙasa ta san maganin yana ga bincike, amma bincike abu ne mai tsada. Samar da iri guda kan ɗauki shekara goma ko fiye, yana kuma buƙatar ɗakunan gwaje-gwaje da gonakin gwaji da ƙwararrun da aka daɗe ana horarwa. Ƙaramar ƙasa kamar Gambiya ko Togo ba za ta iya ɗaukar wannan nauyi ita kaɗai ba. Hannu ɗaya, in ji Hausawa, ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka a shekarar 1971 ƙasashe 11 suka kafa Ƙungiyar Bunƙasa Noman Shinkafa ta Afirka ta Yamma, wadda aka fi sani da WARDA, da hedikwata a Monrobiya ta ƙasar Laberiya. A ƙarshen shekarun 1980 aka mayar da hedikwatar kusa da Buwake a ƙasar Kwaddibuwa. Majalisar ministocin ƙasashen ƙungiyar ce ke sa ido a kan ayyukanta, kuma Nijeriya da Nijar suna cikin mambobinta.

Yadda Aka Samar da NERICA

Kowace daga cikin shinkafun nan biyu tana da kirki, tana da aibi. Ta Afirka tana jure fari da cututtuka da ƙasa mara taki, kuma ganyenta kan yi saurin rufe ƙasa ya danne ciyawa. Aibinta shi ne takan kwanta idan ta nuna, ƙwayarta kuma ta zube kafin a girbe. Ta Asiya tana ba da ƙwaya mai yawa, amma ba ta da juriyar 'yar gida. Masana sun daɗe suna son haɗa su aure, sai dai duk tsiron da aka samu daga auren yakan fitar da zangarniya babu ƙwaya a ciki.

Wanda ya jagoranci warware wannan ƙulli shi ne Dakta Monty Jones, ɗan ƙasar Saliyo, wanda ya zama shugaban sashen inganta shinkafar tudu na WARDA a 1991. Shi da abokan aikinsa sun riƙa ciro ɗan tayin da ke cikin ƙwayar da aka samu daga auren tun bai lalace ba, su raine shi cikin kwalba a ɗakin gwaje-gwaje har ya zama tsiro. Daga nan su sake haɗa tsiron da shinkafar Asiya domin ya iya yin ƙwaya. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 suka samu irin da ke hayayyafa ba tare da ya sauya kama ba. Aka raɗa masa suna NERICA, wanda taƙaitawa ce ta kalmomin Ingilishi masu ma'anar sabuwar shinkafa domin Afirka.

Babbar fa'idar NERICA ta tudu ita ce saurin nuna. Tana isa girbi cikin kwana 90 zuwa 100, alhali yawancin irin gargajiya kan kai kwana 120 ko fiye. Ga manomin da daminarsa gajera ce, ko wanda rumbunsa ya ƙare kafin kaka, wannan wata guda ba ƙaramin abu ba ne. A shekarar 2004 aka ba Dakta Jones Lambar Yabo ta Abinci ta Duniya tare da Farfesa Yuan Longping na ƙasar Sin. Bayansa wani masani ɗan Burkina Faso, Dakta Moussa Sié, ya jagoranci samar da NERICA ta fadama. A ƙarshe an sami iri 18 na tudu da 60 na fadama. Ashe ke nan ɗan Saliyo da ɗan Burkina Faso ne suka samar da irin da manomin Gini da na Nijeriya suka shuka.

Daga Ɗakin Gwaji Zuwa Gona

Samar da iri rabin aiki ne, sauran rabin shi ne manomi ya san shi ya kuma amince da shi. WARDA ta ɗauki hanyar shuka iri daban-daban a gona guda cikin ƙauye, a gayyato manoma maza da mata su duba su zaɓi waɗanda suka kwanta musu a rai, su kai gonakinsu su gwada. Ta haka masana suka riƙa jin abin da manomi ke dubawa, kamar ɗanɗano da sauƙin sussuka da tsawon kara. Ƙasar Gini na cikin na farko da suka rungumi irin ta wannan hanya.

Haka kuma kowace ƙasa tana da cibiyarta da ke sake gwada irin kafin a sake shi ga jama'a. A Nijeriya, Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi a Jihar Neja ce ke da alhakin shinkafa. Irin da ake kira FARO 55 shi ne NERICA 1, FARO 56 kuma NERICA 2. Manoma da yawa sun san sunan FARO ba tare da sanin cewa a wata ƙasa aka fara samar da wasu daga cikin ire-iren ba.

A nan ne ilimi da harshe suka shigo. Sakamakon bincike yakan fito da Ingilishi ko Faransanci, manomi kuwa yana jin Hausa ko Bambara ko Wolof. Cibiyar ta shirya finafinan koyarwa inda manoma ke nuna wa 'yan uwansu yadda ake adana iri da turara shanshera, aka fassara su zuwa harsunan Afirka masu yawa. Ta kuma samar da manhajar waya mai suna RiceAdvice da ke ba da shawara kan yawan taki da lokacin zuba shi, wadda aka gwada a Jihar Kano. Duk wannan yana buƙatar masu fassara da za su nemo wa kalmomin kimiyya sunan da malamin gona zai faɗa manomi ya gane, kuma wannan aiki ne na ɗaliban harshe.

Matsaloli

Yaƙin basasar Kwaddibuwa da ya ɓarke a 2002 ya tilasta wa ma'aikata barin Buwake. A 2005 hedikwatar ta koma Kwatano a Jamhuriyar Benin, ba ta dawo Kwaddibuwa ba sai 2015. Da cibiyar ta ƙasa ɗaya ce, da wataƙila aikin ya tsaya cik, amma da yake ta ƙasashe da yawa ce sai ta sami masauki. A 2009 aka sauya mata suna zuwa AfricaRice domin mambobinta sun wuce Afirka ta Yamma, daga baya kuma suka kai ƙasashe 28.

Sai dai NERICA ba ta kawo ƙarshen sayo shinkafa daga waje ba. A wurare da dama ingantaccen iri bai wadata ba, taki ya yi tsada, injinan casa kuma ba sa fitar da shinkafa mai tsabtar da za ta yi gogayya da 'yar waje. Hatsarin dogaro da waje ya bayyana a 2008, lokacin da Indiya da Biyetnam suka taƙaita fitar da shinkafa, farashin tan guda na shinkafar Tailan ya haura dala 1,000, aka yi zanga-zangar tsadar abinci a Dakar da Abijan. A 2023 Indiya ta sake hana fitar da wani nau'in farar shinkafa na fiye da shekara guda.

Daɗin daɗawa, siyasa kan ja baya da abin da kimiyya ta gina. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 saboda fasa-ƙwauri, musamman na shinkafa. A Janairun 2025 kuma Mali da Burkina Faso da Nijar suka fice daga ƙungiyar ECOWAS. Amma fari da cututtukan shuka ba sa tsayawa a kan iyaka, kuma ruwan Kogin Neja da ke shayar da shinkafar Mali shi ne ke shayar da ta Nijar da ta Jihar Kebbi.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa haɗin gwiwa ya samar wa ƙasashen nan abin da kowacce ita kaɗai ba za ta iya ba, ya kuma tsare aikin a lokacin yaƙi. Za a kuma ga cewa iri mai kyau ba ya wadatarwa sai an haɗa da taki da injin casa da kasuwa da malamin gona mai jin harshen manomi. Dakta Monty Jones ya rasu a 2024, amma rumbun adana iri mai ɗauke da sunansa yana nan kusa da Buwake, da nau'o'in shinkafa kimanin 22,000 a ciki. Ko waɗannan ire-iren za su zama abinci a tukunyar talaka, ya dogara ne ga ƙasashen yankin su ci gaba da biyan kuɗin bincike, su kuma bar iri da masana su riƙa ƙetare iyaka ko da shugabanni sun saɓa.