Gangamin 'Yan Sa-kai Wajen Tallata Firefox: Dalilan Bunƙasarsa da Dalilan Ja da Bayansa

Burauza ita ce manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, kuma galibin mutane ba zaɓenta suke yi ba, tarar da ita suke yi a cikin na'urar da suka saya. Wannan ne ya sa tallata sabuwar burauza ke da wahala: kayan kyauta ne, amma mai amfani yana da wata a hannu wadda ita ma kyauta ce, kuma ya saba da ita. A tarihin wannan fage babu wanda ya dogara da taron jama'a da aikin 'yan sa-kai wajen shawo kan wannan matsala kamar Mozilla, mai burauzar Firefox.

Tushen lamarin yana komawa ga 1998, lokacin da kamfanin Netscape na Amurka, bayan Microsoft ya matse shi a kasuwa, ya saki asalin rubutun manhajarsa domin kowa ya duba ya kuma gyara. Daga nan aikin Mozilla ya samo asali. A watan Yuli na 2003 aka kafa Gidauniyar Mozilla, wadda ba ta neman riba, kuma ranar 9 ga Nuwamba 2004 aka fitar da Firefox 1.0. A wancan lokaci fiye da kashi 90 cikin 100 na masu shiga intanet da Internet Explorer ta Microsoft suke amfani, domin tare da Windows take zuwa. Gidauniyar ba ta da kuɗin sayen talla a talabijin, ma'aikatanta kuma 'yan kaɗan ne. Abin da take da shi shi ne dubban mutane a ƙasashe daban-daban da suka riga suka saba ba da lokacinsu kyauta wajen gwada manhajar, kai rahoton kurakurai da fassara ta zuwa harsunansu. Mayar da waɗannan mutane masu yin talla bai buƙaci wani dogon lallashi ba.

Dalili na biyu na bunƙasar gangamin, wanda ya fi na farko nauyi, shi ne halin da Internet Explorer take ciki. Sigarta ta 6 ta fito a 2001, kuma sai a 2006 aka ga ta 7. Cikin shekarun nan biyar mutane sun sha fama da tagogin talla masu faɗowa ba tare da an kira su ba, da miyagun manhajoji masu shigowa ta ɓarakar tsaro. A tsakiyar 2004 har hukumar US-CERT ta gwamnatin Amurka ta ambaci amfani da wata burauza dabam a cikin hanyoyin kare kai. Saboda haka ɗan sa-kai da ya je taro ba dogon bayani yake yi ba. Yana buɗe kwamfuta, ya nuna yadda Firefox ke toshe tagogin tallan, ya buɗe shafuka biyar a jere cikin taga guda, mai kallo ya ga bambancin da idonsa cikin minti biyu. Taro yana tasiri ne idan akwai abin nunawa, kuma a 2004 akwai shi.

An tsara gangamin ƙarƙashin sunan Spread Firefox tun daga watan Satumba na 2004. Abin da ya fi jan hankali a farkonsa shi ne karo-karon da aka yi domin sayen talla a jaridar New York Times. Mutum kusan 10,000 suka ba da gudummawa, aka tara kimanin dala 250,000 cikin kwana 10, kuma ranar 16 ga Disamba 2004 tallan ya fito a shafi biyu, ɗauke da sunayen masu gudummawar a ƙananan haruffa. Masu goyon bayan manhajar a Jamus sun yi irin wannan a jaridar Frankfurter Allgemeine Zeitung a watan. Hikimar abin ba ta tsaya ga masu karanta jaridar ba. Duk wanda sunansa ya fito ya ɗauki Firefox a matsayin kayansa, ya nuna wa 'yan uwa da abokan aiki, kafofin labarai kuma suka ba da labarin tallan kyauta. Kafin ƙarshen 2005 an sauke manhajar sau miliyan 100.

Wasu ayyukan sun fi kama da wasa. A watan Agusta na 2006 ɗalibai daga Jami'ar Jihar Oregon suka kwantar da amfanin wata gona kusa da garin Amity, suka fitar da tambarin Firefox mai faɗin ƙafa 220, wanda sai daga sama ake ganinsa sosai. Ƙololuwar wannan salo ita ce ranar 17 ga Yuni 2008, da aka fitar da Firefox 3 aka kuma roƙi jama'a su sauke ta a rana guda. An yi bukukuwa a birane da dama, cunkoso ya sa na'urorin Mozilla suka sarƙe a farkon ranar, amma daga ƙarshe littafin bajinta na Guinness ya tabbatar da saukewa 8,002,530 cikin awa 24.

Sai dai babban aikin ba a waɗannan ranaku na shagali aka yi shi ba. An yi shi ne a ƙananan taruka: teburi a bakin zauren jami'a, da tarin faya-fayan CD da 'yan takardun mannawa da riguna, ɗalibi ya kawo kwamfutarsa, a saka masa manhajar, a kwaso masa adireshin shafukan da ya adana daga tsohuwar burauzar, a nuna masa inda zai danna. A inda intanet ke da tsada ko rauni, faifan nan ko ɗan filashi shi ne kaɗai hanyar da manhajar za ta isa ga mutum. Kuma mutum guda da aka gamsar, in shi ne mai kula da ɗakin kwamfutocin makaranta ko shagon intanet, yana iya saka ta a na'ura talatin kafin magariba. Wannan ne sirrin da alƙaluman saukewa ba sa nunawa: gangamin ya fi kama waɗanda sauran jama'a ke tambaya idan kwamfuta ta ba da matsala, su kuma suka yanke wa iyalai da ofisoshi shawara.

Sakamakon ya bayyana a kasuwa. A ƙididdigar kamfanin StatCounter, Firefox ta haura kashi 30 cikin 100 a ƙarshen 2009. Masu gina shafuka, waɗanda da Internet Explorer kaɗai suke lissafi a baya, ya zame musu dole su bi ƙa'idojin da kowace burauza ke ganewa, Microsoft kuma ya farka daga barcin da ya yi. Wannan riba ce da har wanda bai taɓa buɗe Firefox ba ya ci moriyarta.

Bai kamata a jingina nasarar duka ga taruka ba. Firefox ta fi abokiyar gasarta inganci a lokacin, kuma kuɗin da Google ke biyan Mozilla domin ya zama injin binciken da ake tararwa a cikinta su ne suka biya albashin injiniyoyi. Abin da ya biyo baya ya nuna iyakar gangamin ƙarara. A watan Satumba na 2008, wata uku kacal bayan bajintar Guinness, Google ya fitar da Chrome. Tana da sauri, kuma ana tallata ta a shafin binciken Google da kansa, wurin da ɗaruruwan miliyoyin mutane ke shiga kullum. Babu yawan taron da zai yi gogayya da wannan. A ƙarshen 2011 Chrome ta wuce Firefox, a 2012 ta wuce Internet Explorer.

Wayar hannu ce ta ƙarasa sauya fagen. Wayar Android da Chrome take zuwa, iPhone da Safari, kuma mai waya ba ya kai ta wurin wani ya zaɓa masa burauza. Darajar zama abin da aka tarar a cikin na'ura ta fito fili a shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google, inda aka bayyana cewa a 2021 kaɗai kamfanin ya biya dala biliyan 26.3 domin injin bincikensa ya riƙe wannan matsayi a wayoyi da burauzoci. A Najeriya, inda mafi yawan mutane ta waya suka fara shiga intanet, Opera Mini ta samu karɓuwa ba tare da wani babban gangami ba, saboda tana matse shafuka ta rage cin data, kuma tana aiki a ƙananan wayoyi. Abin da ke taɓa aljihun mutum baki da baki yake yaɗuwa.

Mozilla ta amsa da ƙara tsara 'yan sa-kanta. A 2010 aka yi taron farko na abin da ya zama bikin Mozilla mai suna MozFest a Barcelona, kafin ya koma Landan. A 2011 aka kafa shirin Mozilla Reps, inda wakili ke neman kuɗin shirya taro da kayan rabawa, ya kuma kai rahoto bayan an gama. Da aka fito da Firefox OS a 2013, tsarin gudanar da waya mai araha, waɗannan wakilai ne suka tsaya a shaguna da wuraren baje koli suna nuna wa jama'a. Kamfanin Orange ya kawo wayar Klif mai wannan tsari wasu ƙasashen Afirka a 2015. A watan Disamba na shekarar Mozilla ta sanar da daina sayar da wayoyin. Dalili kuwa shi ne mai saye yana tambayar manhajojin da abokansa ke amfani da su ya rasa su a wayar, farashin wayoyin Android kuma yana ta sauka. Ƙwazon mai nunawa bai iya cike wannan giɓi ba. Yau kason Firefox a duniya, in an haɗa waya da kwamfuta, bai kai kashi 5 cikin 100 ba.

Inda aikin 'yan sa-kai ya ci gaba da yin tasirin da kuɗin talla ba ya yi shi ne fannin harshe. Tarukan fassara, inda mutane kaɗan ke zama yini guda ko biyu suna muhawara kan kalmar da ta dace da kowane maɓalli, su ne suka samar da Firefox a harsuna da dama waɗanda manyan kamfanoni ba su ga riba a cikinsu ba, har da Fulatanci da Songhai a Afirka ta Yamma. Shirin Common Voice, wanda Mozilla ta ƙaddamar a 2017, ya ɗauki wannan salo ya kai shi ga murya: mutane suna karanta jimloli a naɗa, wasu su saurara su tantance, a saki tarin muryoyin kyauta ga duk mai son gina manhajar da ke gane magana. Hausa na cikin harsunan da aka tattara, kuma yawan abin da ake samu a kowane harshe ya danganta ne da yawan masu magana da shi da suka zauna suka karanta.