Daga Sikanin Zuwa Gwajin Jini: Yadda Fasaha Ke Duba Lafiyar Jariri Tun Yana Ciki

Da yawa daga cikin matasan ma'aurata na zuwa a yi musu sikanin ne don su san namiji ne ko mace. Amma babban aikin na'urar shi ne gano matsala da wuri, tun akwai damar ɗaukar mataki.

Yadda na'urar sikanin ke aiki

Na'urar ba ta amfani da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Sauti take turawa cikin jiki, mai kaɗawa sau miliyoyi a cikin daƙiƙa ɗaya, wanda kunnen ɗan Adam ba ya iya ji. Idan sautin ya bugi ƙashi ko tsoka sai ya dawo, kwamfuta ta auna lokacin da ya ɗauka, ta mayar da shi hoto. Kusan haka jemage ke gane hanyarsa cikin duhu. Wani likita mai suna Ian Donald da abokan aikinsa a birnin Glasgow ne suka fito da amfanin wannan fasaha a fannin kula da lafiyar mata a 1958.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2016 cewa kowace mai juna biyu ta yi sikanin aƙalla sau ɗaya kafin mako na 24. Tsakanin mako na 11 da na 14 ana auna ruwan da ke bayan wuyan ɗan tayi, domin yawansa na iya zama alamar larurar Down ko matsalar zuciya. Tsakanin mako na 18 da na 22 kuwa ana duba kai, ƙashin baya, zuciya, ƙoda da gaɓoɓi.

Sikanin da wayar salula

A yanzu akwai ƙananan na'urori irin su Philips Lumify da Butterfly iQ, waɗanda ake jona su da waya ko tablet, hoton ya fito a fuskar wayar ta cikin manhaja. Ungozomar da aka horar za ta iya kai irin wannan na'ura ƙauye, ta gano tagwaye ko kwanciyar jariri, har ta tura hoton ga likita ta intanet. Sai dai a yi hattara: waya ita kaɗai ba ta sikanin. Duk manhajar da ta ce a ɗora waya a kan ciki a ga jariri, wasa ce ko yaudara.

Gwajin jinin NIPT

A 1997 masanin kimiyya Dennis Lo ya gano cewa akwai ɓurɓushin ƙwayoyin gado na ɗan tayi a cikin jinin uwa, waɗanda ke fitowa daga mabiyiya. Daga nan aka samar da gwajin NIPT, wanda ya shiga kasuwa a 2011. Daga mako na 10 ana ɗibar jini a hannun uwa, na'ura ta ƙirga ɓurɓushin don gano larurori irin su Down. Yana da tsada, kuma yiwuwar samun matsala kawai yake nunawa. Tabbatarwa sai an ɗebi ruwan mahaifa da allura, yawanci daga mako na 15.

Cututtukan da uwa ke iya sa wa jariri

A nan gwaji mai arha ke ceton rai. Akwai ɗan tsinken gwaji guda da ke duba cutar HIV da tunjere a tare da ɗigon jini, sakamako ya fito cikin mintuna. Tunjere na iya jawo ɓari ko haihuwar jariri ba rai, alhali allurar fenisilin na maganinsa. Uwa mai HIV da ke shan magani yadda ya kamata na rage haɗarin sa wa ɗanta ƙwarai. Idan ciwon hanta nau'in B ne, jaririn na buƙatar rigakafi cikin awa 24 da haihuwa.

Haka kuma a san rukunin jini na gado, domin Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan masu sikila. Idan uwa da uba duk AS ne, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu jaririn ya zo da SS.

Abin lura

Babu na'urar da ke gano komai, kuma ingancin sikanin ya dogara ne da ƙwarewar mai yin sa. Don haka a fara awo tun watannin farko, a ajiye hoton kowane sakamako a waya, a saita tunatarwar ranar komawa asibiti. Fassarar sakamako kuwa aikin likita ne, kada a ɗora ta a kan 'yan zauren WhatsApp.