Annobar Marisuwa ta 1918 da Yanayin Zaman Jama'a a Arewacin Ƙasar Kano

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu nuna cewa tsananin annobar mura bai rataya a kan ƙarfin ƙwayar cutar kaɗai ba. Yana kuma rataye da halin da ta tarar da mutane a ciki. Za mu kafa hujja da annobar 1918, wadda dattawa suka kira Marisuwa, tare da duban ƙauyukan da ke arewa da birnin Kano, irin su Kanya Babba ta ƙasar Babura da maƙwabtanta na Kazaure, Roni da Gwiwa, waɗanda suka koma Jihar Jigawa a 1991.

Cutar ta sauka Ikko ta jirgin ruwa a watan Satumba na 1918, daga nan ta biyo layin dogo, wanda ya iso Kano tun 1911. Masanin tarihi Don Ohadike ya ƙiyasta cewa mutum wajen 500,000 suka rasu a Nijeriya, cikin jama'a kimanin miliyan 18. Abin lura shi ne lokacin isowarta Arewa, watau kaka, sa'ad da cinikin gyaɗa ke jan manoma da fatake zuwa Kano. Hanyoyin da suka ratsa Kazaure zuwa Daura, da Babura zuwa Damagaram, hanyoyin ayari ne, kuma mai ɗauke da mura yana iya yaɗa ta kafin ta kayar da shi. Ashe ke nan kasuwa da zango sun isa su kai ta inda jirgi bai taɓa zuwa ba.

To, amma isowar cuta daban, kisanta daban. Bincike na baya-bayan nan ya tabbatar da cewa yawancin mamatan 1918 ciwon huhu ne ya ƙarasa su, bayan mura ta raunana jiki. A nan ne abinci da jiyya suke shigowa. Shekara huɗu kacal kafin annobar, yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta fi tsanani ne a arewacin ƙasar Kano, inda ruwan sama yake da ƙaranci. Gidan da ya sayar da dabbobinsa ya ci bashi a wancan lokaci, da wuya a ce ya gama farfaɗowa. Ƙasar Indiya ta ba mu ma'auni a fili: a birnin Bombai, an rasa Turawa kimanin 8 cikin kowane 1,000, amma a cikin talakawan da aka fi ƙasƙantarwa adadin ya haura 60, alhali ƙwayar cutar iri ɗaya ce.

A ganinmu batun jiyya ya fi kowanne nauyi, ko da yake shi aka fi mantawa da shi. Marisuwa ta saɓa wa murar da aka saba, domin ta fi kashe majiya ƙarfi, 'yan shekara 20 zuwa 40, da mata masu ciki. Waɗannan kuwa su ne masu jan ruwa a rijiya, masu daka, masu hura wuta. Idan suka kwanta gaba ɗaya cikin mako guda, sai a rasa mai dama wa majiyyaci kunu, jariri ya rasa nono, ga kuma sanyin hunturu ya kawo jiki. Babu maganin cutar a ko'ina a duniya a lokacin, ba a ma gano ƙwayar mura ta ɗan'adam ba sai a 1933, kuma likitocin mulkin mallaka sun fi kula da Turawa da ma'aikatan gwamnati. Saboda haka babban gida mai gandu, inda za a sami wani a tsaye, yana da kariyar da gwauro ko baƙo ɗan cin rani ba su da ita.

Sai dai zumuncin nan kansa yana da fuska biyu. Dubiya, da jana'iza, da zaman makoki suna tara mutane a zaure ko a ɗaki mai ƙaramar taga, kuma ta numfashi cutar ke yaɗuwa. Al'adar da ta kawo wa majiyyaci ruwa da abinci, ita ce kuma kan mayar da mai dubiya gida ɗauke da cutar.