Noman lambu: Yadda masu ƙananan filaye za su kare amfaninsu daga ƙwari

Tsadar kayan miya ta sa iyalai da dama a biranen Najeriya sun koma ga noman lambu. Wasu sun gyara bayan gida, wasu kuma sun karɓi aro ko hayar ɗan fili a bakin rafi, inda suke shuka tumatir, attaruhu, alayyafo, kuɓewa, latas da albasa. A Kano ana ganin irin waɗannan lambuna a gefen kogin Jakara, a Zariya kuma a bakin Kubanni, kowa da fangalinsa kusa da na maƙwabcinsa. A shekarar 2024 uwargidan shugaban ƙasa, Sanata Oluremi Tinubu, ta gudanar da gasar lambun gida domin ƙarfafa wa mata gwiwa su noma abin da za su ci.

Sai dai yawancin sababbin manoman kan yi tanadin iri da taki da ruwa, su manta da ƙwari. Daga ranar da shuka ta fara tofo, akwai masu jiran rabonsu, kuma mai fangali biyar ba shi da rarar da zai yi asara.

Darasin shekarar 2016

Babu ƙwaron da ya koya wa manoman lambu darasi kamar tsutsar tumatir da masana ke kira Tuta absoluta, wadda manoma a Arewa suka laƙaba wa suna sharon. Asalinta daga Kudancin Amurka ne. An fara ganinta a Sifaniya a 2006, daga nan ta tsallaka Arewacin Afirka, kafin ta iso Najeriya. A 2016 ta yi ɓarnar da ta sa gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, farashin kwando ya ninka sau da yawa, masana'antar sarrafa tumatir ta Dangote da ke Kadawa a Jihar Kano kuma ta dakatar da aiki saboda rashin tumatir. Tsutsar ta sake addabar manoma a 2023 da 2024.

Uwar wannan tsutsa wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai launin toka, wanda ke ɓuya da rana ya fito da dare. Mace ɗaya tana iya saka ƙwai kusan 260 a rayuwarta. Idan ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar kan kutsa cikin ganye ta riƙa cinsa daga ciki, sai a ga wasu fararen tabo kamar an shafe koren ganyen. Daga baya ta huda kara da 'ya'yan tumatir, su ruɓe. A lokacin zafi, cikin kimanin wata guda ƙwai ya zama uwa mai saka nata ƙwan, shi ya sa ɓarnar ta fi tsanani daga Maris zuwa Mayu.

Kasancewar tsutsar a cikin ganye ne ya sa feshi ba ya cika isa gare ta. Manomi kan ga magani bai yi aiki ba, sai ya ƙara yawansa ko ya yawaita fesawa, alhali hakan ne ke sa ƙwaron ya saba da maganin.

Sauran masu ɓarna

Farin ƙuda ɗan mitsitsi ne da ke zama a ƙarƙashin ganye, yana tashi kamar ƙura idan an girgiza shuka. Haɗarinsa ya wuce tsotsar ruwan ganye, domin shi ke yaɗa cutar da ke sa ganyen tumatir ya nannaɗe ya yi rawaya, shukar ta tsumbure. Shukar da ta kamu ba ta warkewa, don haka a tumɓuke ta da wuri kafin cutar ta kai ga sauran.

Darɓa kan taru a kan sabon tofo na kuɓewa, barkono da kabeji, tana barin wani danƙo mai zaƙi da ke jawo tururuwa, daga baya ganyen ya yi baƙi. Ganin tururuwa na hawa da sauka a jikin shuka alama ce ta a duba ƙarƙashin ganye. Kabeji kuma yana da tasa koriyar tsutsa mai mayar da ganye kamar rariya.

Akwai kuma ɓarnar da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa. Idan tumatir ko kuɓewa na yaushi da rana duk da an ba su ruwa, a ciro guda a duba saiwarsa. In an ga ƙulli-ƙulli a jikinta, wasu tsutsotsi ne da ido ba ya gani suka shiga, kuma suna ƙaruwa ne a filin da ake maimaita shuka iri ɗaya shekara da shekaru.

Matakan da ba su da tsada

Matakin farko shi ne zagaya lambu aƙalla sau biyu a mako, da sassafe, ana juya ganye. Mai ƙaramin fili yana da damar da babban manomi ba shi da ita, domin yana iya duba kowace shuka, ya tsinke ganyen da ya kamu, ya tsince tsutsa da hannu. Ganye da 'ya'yan da aka cire a binne su da zurfi ko a ƙone su. Zubar da su a gefen fangali tamkar ajiye wa ƙwaron wurin haihuwa ne.

Kariya ta fi muhimmanci a wurin renon iri. Rufe gadon reno da raga mai ƙananan huda na hana farin ƙuda da uwar sharon kaiwa ga 'yan tsiron, sai a yi dashe da lafiyayyun shuke-shuke. Amma kada a yi amfani da gidan sauro mai magani wanda aka raba domin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro.

Tarko ma yana da amfani. Kwali ko roba mai launin rawaya da aka shafa wa abu mai danƙo na kama farin ƙuda. Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa, NIHORT, da ke Ibadan ta ɓullo da tarkon faranti mai ruwa da fitila domin kama uwar sharon da dare. Manomi na iya kwaikwayon wannan da kwano mai faɗi, ruwa da ɗan sabulu, da fitila mai caji a samansa. Yawan abin da tarko ya kama shi ke nuna ko lokacin ɗaukar mataki ya yi.

Daga cikin magungunan gida, 'ya'yan darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, su ne masana suka fi amincewa da su. Ana ɓare busassun 'ya'yan, a daka kimanin rabin kilo na ƙwayar, a jiƙa cikin ruwa lita 10 ya kwana, a tace da ƙyalle, a zuba ɗan sabulu, sannan a fesa da yamma saboda rana na kashe ƙarfinsa. Ba ya kashe ƙwaro nan take. Yana hana shi ci ne da girma, don haka ake maimaita feshin mako-mako.

Sauya shuka na karya zagayen ƙwari. Tumatir, tattasai, attaruhu, yalo da dankalin Turawa dangi ɗaya ne, suna kuma raba cututtuka da ƙwari da yawa. Fangalin da aka cire tumatir ya fi dacewa a sa masa albasa, masara ko wake.

Idan feshi ya zama dole

Akwai lokacin da ɓarna kan kai matakin da sai an nemi maganin zamani. A nan shawarar malaman gona ita ce a fara gane ƙwaron, a sayi magani mai rajistar hukumar NAFDAC wanda aka rubuta cewa ya dace da kayan lambu, a bi ma'aunin da ke jikin kwalba, kuma a riƙa sauya ajin magani, domin sunaye daban-daban a kasuwa na iya zama sinadari ɗaya. Mai feshi ya rufe hanci da baki, ya sa safar hannu da doguwar riga, ya ba iska baya.

Kowane magani yana da adadin kwanakin da za a jira kafin girbi. Wannan ƙa'ida ta fi tsanani a kan latas, kabeji da karas da ake ci ɗanye. Fiya-fiya da sauran haɗe-haɗen da ba su da takarda ba su da gurbi a lambu. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar sinadarin dichlorvos da aka samu a cikinsa, abin da ya nuna cewa maganin da aka zuba wa abinci yana iya bin sa har akushi. Feshi barkatai kuma na kashe ƙudan zuma, gizo-gizo da ɗan jan ƙwaron nan mai ɗigo-ɗigon baƙi da ke cin darɓa, waɗanda ke yi wa manomi aiki kyauta.

Haɗin kan maƙwabta

A wurin da aka yanka fili kashi-kashi, ƙoƙarin mutum ɗaya ba ya wadatarwa. Idan guda ya gama girbi ya bar karan tumatir a tsaye, uwar sharon za ta tashi daga can ta sauka a sabon dashen maƙwabcinsa cikin dare ɗaya. Saboda haka masu lambu a fadama ɗaya na buƙatar yarjejeniya: su yi dashe a lokaci guda, su share ragowar amfani da zarar an gama tsinka, su bar ɗan lokaci babu tumatir a wurin, kuma wanda ya fara ganin tabo a ganye ya sanar da sauran. Ta hannun ƙungiya ko sarkin noma suna iya haɗa kuɗi su sayi raga da tarko, su kuma gayyaci malamin gona daga hukumar bunƙasa aikin gona ta jiharsu ya duba lambunan tun kafin zafin Maris ya kama.