Kwaɗayin doki da abin da ke tafin hannunmu

Gab da Hawan Sallah, bargogin Kano da Katsina kan cika da masu son faranta wa doki. Bayan harawa da dusa da ɗan jiƙon kanwa, wannan ya miƙa rake, wancan dabino, yaro kuma ragowar biskit. Niyyar tagari ce, amma doki ba ya iya amai, tumbinsa kuma da wuya ya wuce lita 15. Duk abin da ya haɗiye sai ya ratsa hanji, ko da cuta ce.

Dabbar tana da zaɓi. A 2005 Deborah Goodwin da abokan aikinta a Jami'ar Southampton ta Ingila sun gwada ɗanɗano iri-iri a kan dawaki, hulba ta zo ta ɗaya, ayaba na biye da ita. Hulbar nan dai da ke jibge a kasuwanninmu, wadda ba mu cika tunanin doki da ita ba.

Kankana ba ta da laifi, har ɓawonta. A cire wa dabino ƙwallo, karas kuma a tsaga shi a tsaye don kada ya maƙale a maƙogwaro. Zaƙi in ya yi yawa yakan janyo kumburin kofato, musamman ga ingarman da ke yini a turke.

Albasa tana lalata jajayen ƙwayoyin jini. Piya da cakulan ma a nisanta su. Abin da ya fi damuna shi ne masarar da ta yi fumfuna, wadda wasu ke zuba wa doki don gudun asara. Gubarta ƙwaƙwalwa take kamawa, kuma dokin da ya fara tangaɗi da ita da wuya ya tashi.