Saduwa Ta Baki Da Tsoron Ƙanjamau: Yaushe Za A Gaskata Gwajin Jini?

A watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano. Cikin abubuwan da za a auna har da ƙwayar HIV mai jawo ƙanjamau, da ciwon hanta, da rukunin jini saboda amosanin jini. Ikklisiyoyi da dama sun daɗe suna neman wannan takarda kafin a ɗaura aure, yanzu kuwa ta zama ta kowa da kowa.

To, mu ɗauki misali. A ce saurayi ne daga Lajawa, cikin Ƙaramar Hukumar Wudil, an riga an sa masa rana. Watannin baya ya je neman kuɗi a birni, ya yi tarayya da wata mace, amma ta baki kaɗai. Ya shiga Wudil ran Juma'a, ranar kasuwa, ya zarce Babban Asibiti aka auna shi, aka ce jininsa lafiya. Duk da haka barci ya ƙi zuwa. Idan ya ji zazzaɓi sai gabansa ya faɗi, idan ƙurji ya fito masa a baki sai ya ce shi ke nan. Kunya kuwa ta hana shi tambayar kowa. Tambayoyinsa biyu ne: ana kamuwa ta wannan hanya? Kuma takardar nan abin dogara ce? Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, saboda haka bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Girman haɗarin

Ƙwayar cutar tana tafiya ne cikin jini, da maniyyi, da ruwan gaban mace, da ruwan nono. Yawu ba ya yaɗa ta. Fatar cikin baki ta fi ta al'aura ƙwari, kuma yawu kansa yana raunana ƙwayar. Domin haka ne hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta bayyana cewa haɗarin kamuwa ta saduwar baki ƙanƙane ne ƙwarai, kusan babu.

Akwai binciken da ya ƙarfafa wannan. A Madrid ta ƙasar Sifen, likitoci sun bi mutum 135 marasa cutar waɗanda abokan zamansu ke ɗauke da ita, daga 1990 zuwa 2000. An ƙiyasta sun yi saduwa ta baki fiye da sau 19,000 ba tare da kwaroron roba ba. Da aka buga sakamakon a 2002, ko mutum ɗaya bai kamu ba.

Amma kada mai karatu ya ɗauka ƙofa a rufe take ruf. Haɗarin yakan ƙaru idan akwai miki a baki, ko dasashi mai zubar da jini, ko gyambo a al'aura, ko jinin haila, ko kuwa maniyyi ya zuba a baki. Wanda ya sa bakinsa ya fi wanda aka sa wa baki shiga haɗari. Ban da haka, ciwon sanyi da tunjere suna bin wannan hanya cikin sauƙi, kuma sukan zauna a maƙogwaro mutum bai sani ba. Shi ya sa ya kamata saurayin namu ya gaya wa malamin asibiti ainihin abin da ya faru, domin a duba masa waɗannan ma.

Abin da gwaji yake nema

Yawancin gwajin da ake yi da ɗigon jinin yatsa ba ƙwayar kanta yake gani ba. Yana neman makaman da jiki ya ƙera domin yaƙi da ita, kamar yadda maigida ke gane shigar ɓarawo ta wurin sawunsa. Jiki kuwa yana bukatar lokaci kafin ya ƙera su. Bisa ga lissafin CDC, irin wannan gwaji yana iya gano cutar daga kwana 23 zuwa 90 bayan saduwa. Gwajin ɗakin bincike, wanda ake ɗiban jini daga jijiya, yana ganowa daga kwana 18 zuwa 45. Wanda ke neman ƙwayar kai tsaye, daga kwana 10 zuwa 33.

Ga ma'anar wannan a sauƙaƙe. Mutum ya ƙidaya daga ranar saduwa ta ƙarshe. Idan an auna shi kafin kwana 90 aka ce babu, labari ne mai daɗi, amma ya koma ya sake. Idan kwana 90 sun cika, bai kuma sake yin wani abin haɗari ba, aka ce babu, to babu ɗin ne. Sake gwaji sau biyar ko sau goma ba zai ƙara masa komai ba sai kashe kuɗin mota da ƙarin damuwa. Zazzaɓi da ciwon kai da ƙurajen baki ba su zama shaida ba, gama zazzaɓin sauro ma yana kawo irinsu, damuwa kuma takan ramar da mutum.

Akwai kuma gwajin OraQuick da mutum ke yi wa kansa ta goga dasashi. Wasu na cewa tun da a baki ake aunawa, ashe cutar tana cikin yawu. Ba haka ba ne, shi ma makaman jiki yake nema. Bai kai na jini kaifi ba, kuma duk abin da ya nuna na kamuwa sai an tabbatar a asibiti.

Idan aka ce akwai fa?

Gwajin farko kaɗai ba ya yanke hukunci. Hukumar Lafiya ta Duniya tana amincewa da kayan gwaji ne idan suna kama aƙalla 99 cikin 100 na masu cutar, suna kuma wanke aƙalla 98 cikin 100 na marasa ita. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa a shiyyar Arewa maso Yamma kimanin mutum 6 cikin 1,000 na manya ne ke ɗauke da ƙwayar. Ke nan idan aka auna mutum 1,000 da kayan da suka tsaya a kan wannan mafi ƙarancin mizani, za a iya samun kusan 20 da gwajin farko zai nuna a kansu bisa kuskure. Wannan ne dalilin da ya sa a Nijeriya ake maimaitawa da wani irin kayan gwaji dabam. Mai haƙuri yana da ikon tambaya ko an yi masa na biyun.

Idan ta tabbata ma, zamanin da ake kiran cutar "kabari kusa" ya wuce. Tun 2006 ake ba da maganin rage ƙarfinta kyauta a asibitocin gwamnati. Wanda ya riƙe magani har ƙwayar ta daina bayyana a awon jininsa ba ya sa wa matarsa ko mijinta ta hanyar saduwa. Dokar tarayya ta 2014 ta kuma hana nuna wa irin waɗannan mutane bambanci. Wanda kuwa ya shiga haɗari na gaske, kamar fyaɗe, ya garzaya asibiti kafin awa 72. Akwai maganin rigakafi na kwana 28.

Abin da ya rage gare mu

Koyarwar ikklisiya a kan tsarki kafin aure da aminci cikin aure tana nan daram, ita ce kuma kariya mafi ƙarfi. Amma wanda ya riga ya yi tuntuɓe yana bukatar wanda zai saurare shi ba tare da an ji a gari ba. Fastoci da dattawa da shugabannin zumuntar mata da na matasa su riƙe asiri. Kada kuma a bar gwaji sai ana saura mako guda biki. A yi shi wata uku kafin rana, a sake idan ta matso.

Kai kuwa ɗan'uwa da ke kwana kana juyi, matambayi ba ya ɓata. Ƙidaya kwanakinka, ka je Wudil ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ka faɗi gaskiya a ɗakin shawara. Idan kwana 90 sun cika aka ce babu, karɓi takardarka, ka gode wa Allah, ka koma shirin aurenka.