Sarrafa Kwari da Gefe a Shafin Intanet Mai Bin Faɗin Allo: Misali Daga Birnin Kudu da Gwaram

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana yadda ake sarrafa filin da ake bari babu rubutu a shafin intanet, watau tazarar da ke tsakanin jerin rubutu da ɗan'uwansa, da kuma tazarar da ke tsakanin rubutu da bakin allo. Mun ɗauko misalanmu daga ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram, a kudancin Jihar Jigawa, saboda a irin waɗannan wurare ne matsalar ta fi fitowa fili. Wanda ya tsara shafi yakan yi aikinsa ne a gaban kwamfuta mai faffaɗan allo. Amma ɗalibin da ke neman sunansa a jerin waɗanda makaranta ta ɗauka a Birnin Kudu, ko manomin da ke duba farashin hatsi kafin ya nufi kasuwar Sara a ƙasar Gwaram, galibi da wayar hannu zai buɗe shafin, kuma faɗin allonta bai kai tafin hannu ba. Abin da muke so mu tabbatar shi ne, tilas a ajiye awon wannan tazara a wuri guda, a kuma ɗaure shi da girman harafi da faɗin allo, in dai ana so shafi guda ya karantu ga waɗannan mutane duka.

2.0 Kalmomin da muka zaɓa

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu daidaita kalmomi, domin fannin sabo ne a Hausa. Tsarin da ake raba shafi gida-gida, a tsaye da a kwance, mun kira shi tsarin dara, saboda kamarsa da gidajen dara. Jerin gidaje daga sama zuwa ƙasa mun kira shi kunya, jerin da ke kwance kuwa sahu. Tazarar da ke tsakanin kunya da kunya ita ce kwari, kamar dai yadda manomi yake kiranta a gona. Filin da ke kewaye da kunyoyin duka har zuwa bakin allo shi ne gefe. Akwai kuma ciko, watau tazarar da ke cikin gida guda, tsakanin rubutu da iyakar gidan. Duk wanda ya taɓa yin huɗa ya san cewa yawan kwari bai kai yawan kunya ba: kunya 12 kwari 11 ne a tsakaninsu. Wannan ɗan lissafi shi ne tushen yawancin abin da za mu faɗa a gaba.

Awon da ake amfani da shi a allo shi ne fiksel. Harshen da ake rubuta umarnin tsara shafi da shi kuwa shi ne CSS, wanda Håkon Wium Lie ya gabatar da shawararsa a 1994, aka kuma tabbatar da matakinsa na farko a 1996. Manhajar da ke karanta wannan umarni ta zana shafin ita ce burauza.

3.0 Gefe da kwari a takarda

Barin fili a gefen rubutu tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Marubutan Alƙur'ani da littattafan ilimi sukan bar hashiya mai faɗi saboda dalilai sanannu. Takardun a warware suke cikin tadarishi, kuma bakinsu ne ke fara cinyewa saboda yawan juyawa, don haka hashiya takan tsare rubutu. A cikinta ake zana alamomin hizifi da sumuni, a cikinta ɗalibi yake rubuta bayanin malaminsa, a ƙasanta kuma ake sa kalmar farko ta takarda mai zuwa don kada jeri ya rikice.

Da ɗab'i ya zo, aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, sai mai karatun Hausa ya saba da shafi mai kunyoyi da yawa, kwari yana raba labari da labari. A Turai ma masana ɗab'i sun daɗe suna nazarin wannan tsari, har Josef Müller-Brockmann, mutumin Suwizalan, ya wallafa littafi sukutum a kansa a 1981. Sai dai abin lura shi ne, da marubucin hannu da mai ɗab'i duk sun san girman takardarsu tun kafin su fara. In an auna gefe sau ɗaya, an gama. Mai tsara shafin intanet bai san girman allon da za a buɗe aikinsa a kai ba, kuma daga nan ne wahalar ta taso.

4.0 Tsayayyen awo da illarsa

Da farko masu tsara shafi sun kwaikwayi takarda ne. Wani tsari da Nathan Smith ya fitar, wanda ya shahara ƙwarai, ya ɗauki faɗin shafi fiksel 960, ya raba shi kunya 12, kowace fiksel 60, da fili fiksel 10 a dama da hagunta, watau kwari fiksel 20 ke nan. Wannan ya yi daidai a kwamfutar tebur. A watan Mayu na 2010 Ethan Marcotte ya wallafa maƙalar da ta yaɗa tunanin shafi mai bin faɗin allo, inda kunyoyi ke buɗewa ko su tsuke gwargwadon allon da ke hannun mai karatu. Kayan aikin Bootstrap, wanda ya fito a 2011, ya kai wannan tunani ga jama'a masu yawa.

To, amma ko da kunya ta koyi tsukewa, kwari ya daɗe yana tsaye. A fitowa ta uku ta Bootstrap, ta 2013, kowace kunya tana da ciko fiksel 15 a kowane ɓangare, kwari ya zama fiksel 30. Bari mu gwada wannan a wayar ɗalibinmu na Birnin Kudu. Wayoyi da yawa faɗin allonsu a awon CSS fiksel 360 ne. In aka nace sai kunya 12 sun jeru, kwari 11 sau 30 ya ba da 330, gefe biyu kuma 30, jimla 360 cif. Ba a bar wa rubutu ko fiksel ɗaya ba, gonar duk ta zama kwari. Saboda haka ne a ƙaramin allo ake rage yawan kunyoyi, ko a ɗora su bisa juna su zama kunya guda.

Akwai wata illa kuma. Da yake kwarin an haɗa shi ne daga cikon kunyoyi biyu, kunyar farko da ta ƙarshe sukan sami rabin kwari a wajensu, inda ba a bukatarsa. Don a gyara wannan sai a ba sahu gefe mai ragi, watau a janyo shi waje da fiksel 15 dama da hagu. In mai tsarawa ya manta ya sa sahun a cikin mazubi mai ciko daidai da haka, shafin yakan zarce bakin allo, mai karatu ya riƙa jan sa dama da hagu kafin ya gama layi guda. Tushen wannan rikici shi ne an ɗora wa kowace kunya alhakin kwarin da ba nata ita kaɗai ba ne.

5.0 Yadda ake sarrafawa

5.1 Kwari

A watan Maris na 2017 burauzocin Firefox da Chrome da Safari suka fara aiki da tsarin dara na CSS kansa. A cikinsa akwai umarnin gap, wanda ake rubutawa sau ɗaya a jikin mazubin da ya ɗauki kunyoyin duka. Wannan umarni yana sa tazara ne a tsakani kawai, ba ya taɓa waje, don haka bukatar gefe mai ragi ta kau. Ana iya ba kwarin kunyoyi awo dabam, tazarar sahu kuma dabam.

Nan ma akwai tarko. In aka ce kunya huɗu kowace ta ɗauki kashi 25 cikin ɗari na faɗi, sa'an nan aka ƙara kwari uku na fiksel 16, shafin zai zarce da fiksel 48, domin kunyoyin sun riga sun cinye faɗin duka. Maganin wannan shi ne awon da ake kira fr, watau kaso. Burauza takan fara cire kwari, sa'an nan ta raba abin da ya rage. Alal misali, a allo mai fiksel 360, in gefe 16 ne dama da hagu, saura 328. A cire kwari uku, saura 280. Kowace kunya cikin huɗu ta sami 70. A allo mai fiksel 1200 kuwa, da gefe 48 da kwari 24, kunya 12 ma kowace 70 za ta samu. Faɗin kunya bai sauya ba, yawanta da tazararta ne suka bi allo.

5.2 Gefe

Gefe aikin mazubin waje ne. A waya ana bukatarsa don kada harafi ya manne da bakin allo, inda yatsan mai riƙe da waya yake rufewa. A babban allo kuwa aikinsa hana layi yin tsawo fiye da kima. Masana ɗab'i, irin su Robert Bringhurst, sun nuna cewa layi mai haruffa 45 zuwa 75 shi ya fi daɗin karatu. Saboda haka akan ƙayyade iyakar faɗin rubutu, a bar burauza ta raba ragowar fili daidai tsakanin dama da hagu. Ya kamata kuma a tuna cewa a rubutu na yau da kullum, in sakin layi biyu suka haɗu, gefen ƙasa na ɗaya da gefen sama na ɗayan sukan narke su zama guda, mafi girmansu ya tsaya. A cikin tsarin dara ba sa narkewa, tara su ake yi. Wanda ya sa gap kuma ya bar wa gidaje gefensu, zai ga tazara ta ninka abin da ya nufa.

5.3 Awo mai motsi

Hanya ta farko ta sauya tazara ita ce sa matakai: in allo ya kai kaza, kwari ya koma kaza. Fitowa ta biyar ta Bootstrap, ta 2021, tana da matakai a fiksel 576, 768, 992, 1200 da 1400. Hanya ta biyu ita ce umarnin clamp, wanda manyan burauzoci suka karɓa tsakanin 2019 da 2020. Akan ba shi awo uku: mafi ƙanƙanta, da wanda ake so, da mafi girma. In muka ce kada kwari ya gaza 16, kada ya wuce 24, a tsakani kuma ya zama kashi 2 cikin ɗari na faɗin allo, to zai tsaya a 16 har allo ya kai 800, ya zama 20 a allo mai 1000, ya tsaya a 24 daga 1200.

Ya fi kyau a rubuta iyakokin nan da awon rem, wanda yake daidai da girman harafin shafi, galibi fiksel 16. Dattijon da ya ƙara girman harafi zuwa 20 saboda raunin gani, kwarinsa ma zai buɗe zuwa 20, kalmomin kunya biyu ba za su haɗe masa ba. Kuma da yake tsofaffin wayoyi suna nan a hannun jama'a, sai a fara rubuta tsayayyen awo, a biyo shi da sabon umarni. Burauzar da ba ta gane sabon ba takan tsallake shi ta yi aiki da na farko.

6.0 Bukatun mai karatun Hausa

Mu koma ga manominmu na Gwaram. A ɗauka an tsara masa jadawalin farashin gero da dawa da masara da wake, kowane hatsi a gidansa, suna a sama, kuɗi a ƙasa. In tazarar da ke tsakanin suna da kuɗinsa ta yi daidai da tazarar da ke tsakanin sahu da sahu, ido ba zai san ko kuɗin na hatsin sama ne ko na ƙasa ba, kuma wanda ya ɗauki farashin wake a matsayin na gero ya yi asarar kuɗin mota. Ƙa'idar ita ce, tazarar cikin gida ta gaza kwari, kwari kuma kada ya fi tazarar da ke raba manyan sassan shafi. Ƙa'idojin duniya na sauƙaƙa shafi ga kowa, fitowar 2018, sun kuma nemi rubutu ya karantu a faɗin fiksel 320 ba tare da jan shafi dama da hagu ba. Wannan shi ne ma'aunin da ya dace a gwada kowane shafi da shi.

Bugu da ƙari, Hausa tana da rubutu biyu. Ajami daga dama yake farawa, saboda haka umarnin da ya ce a bar fili a hagu zai faɗa a ƙarshen layi maimakon farkonsa. CSS ya tanadi umarnin da ke ambaton farkon layi da ƙarshensa a madadin hagu da dama, kuma da shi ya kamata a yi aiki. Gap kuwa ba ruwansa da inda rubutu ya fuskanta. Ajami yana kuma bukatar tazarar layi mai yalwa, domin wasullansa a sama da ƙasan baƙi suke zama.

7.0 Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa kwari na mazubin kunyoyi ne, gefe na mazubin waje ne, ciko kuma na gida guda ne, kuma rikici yakan taso ne in aka sa ɗaya ya yi aikin ɗan'uwansa. Shawararmu ga malaman da ke koyar da wannan fanni ita ce, su sa ɗalibi ya yi lissafin kunya da kwari a takarda kafin ya taɓa kwamfuta, ya fara tsarinsa daga ƙaramin allo, ya kuma gwada shi a irin wayar da ake riƙewa a Birnin Kudu da Gwaram. Kalmomin da muka kawo kuwa shawara ce muka gabatar, muna fatan mahalarta wannan taro za su duba su, su gyara inda ya kamata.